Jira Ni a Kawo

Ku da kuke zama a bakin shagon nan kuna tura wa juna waƙa a waya, na ji abin da kuka ce jiya, kada ku ɗauka kunnen ya mutu. Wai sana'ar da na yi ba wata aba ba ce, a ɗora faifai, a danna maɓalli, a zauna ana kaɗa ƙafa. To madalla. Tun da ba ku tambaya ba ni zan gaya muku, tsoho ba ya jiran a tambaye shi. Na yi fiye da shekara arba'in a Kawo ina gyaran garmaho da rediyo da rikoda, ina kuma ɗaukar waƙa daga faifai zuwa kaset. A cikin ayyukan nan duka, wanda ya fi ba ni wuya bai kai minti biyar ba, kuma na yi shi ne saboda wani bawan Allah da bakinsa ya rufe, wata huɗu bai ce uffan ba. Amma kafin mu isa gidansa sai kun bi ni ta inda na biyo.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke sifirin na garmaho. Maigidana Baba Tanko Bazazzagi ne, rumfarsa na daf da tashar mota, kuma ban taɓa ganin mutum mai ƙarancin magana irinsa ba. Garmaho akwati ne mai hannu a gefe, ka wana shi kamar injin markaɗe, wani ƙarfe siriri da ke naɗe a ciki ya ɗaure, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana juya faifai. Wannan ƙarfen shi ne sifirin, kuma ba shi da mutunci. In ka buɗe gidansa da ganganci ya ƙwace, sai ya tsaga maka fuska. A cikin buhu ake buɗe shi, hannu biyu a ciki, kai a kauce. Ka wanke shi da kananzir, ka goge, ka shafa masa giris, ka mayar da shi zagaye bayan zagaye. Ranar da na fara sai da ya yanke ni a nan, ga tabon. Baba Tanko ya duba ya ce, "Ya gaishe ka ke nan." Bai ƙara komai ba.

Da kunne ya koya mini. Yakan juya mini baya ya ce in sa faifai, kafin mawaƙi ya gama baiti ɗaya ya faɗi ciwon: allura ta dakushe, ko sifirin na neman mai, ko mai garmahon ya bar shi a rana. In na kai hannu zan buɗe in duba sai ya ce, "Kai Sule, ido na kowa ne. Saurara tukuna." Shekara biyar ina saurare, har na kai in mota ta wuce da rediyo a kunne ina iya gaya maka batirinta ya kusa mutuwa. Na yi alfahari da kunnen nan ƙwarai, ba na ɓoyewa. Sai dai ku riƙe abu ɗaya. Garmaho gudunsa ɗaya ne, faifansa ma iri ɗaya ne, baƙi mai nauyi, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai faifan da ke son a juya shi da sauri, akwai mai son a bi shi a hankali. Shi kansa Baba Tanko bai sani ba, bai kuwa rayu a zamanin da zai buƙaci sani ba.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama idonsa ya yi rauni, ya koma Zariya ya bar mini rumfar da kayan aiki: sukudireba uku, filaya, ƙarfen narka dalma da muke dafawa a garwashi, da ɗan dutsen wasa allura. Ba a jima ba wani soja da aka yi wa canjin wurin aiki ya sayar mini da injin faifai mai aiki da wuta. Tsoho ne. A gefensa akwai guntun ƙarfe inda wani maɓalli ya karye, rubutun da ke kusa da shi duk ya goge. Na ɗora masa manyan faifan Indiya na zamani, masu faɗi kamar faifan tuwo, suka fita tas. Na ce abin da bai lalace ba me zai sa in taɓa shi, na bar guntun ƙarfen nan yadda na same shi.

Sai aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa, Kaduna ta cika da rikoda. Kowane akawu da masinja ya sayi tasa, yana rataye da ita a kafaɗa kamar jakar makaranta. Rikoda kuwa sai da kaset, kaset sai da waƙa, faifai kuma ba kowa ke da shi ba. Nan kasuwata ta buɗe. Na haɗa waya daga injin faifai zuwa rikoda, mutum ya zo da kaset ɗinsa wayam ya tafi da shi cike. Kuna cewa danna maɓalli ne. In ƙarar ta yi yawa murya ta fashe, in ta yi kaɗan sai huci kamar ana suya. In wuta ta yi ƙasa a tsakiyar waƙa ka koma farko. In wani ya jingina da teburin allura ta yi tsalle, ka koma farko. Kaset in ya tsinke ka buɗe shi, ka yanke bakin da reza a karkace, ka liƙe da ɗigon jan farce, ka naɗe da biro. Ga masu saye kuma. Mutum zai zo ya ce yana son "waccan ta Indiya da yarinyar ke kuka a gindin itace", ya yi maka gunjin da ba kai ba gindi, in ka kasa ganewa ya ce ba ka san aikinka ba.

Wata Asabar da hantsi Malam Isa ya zo. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana haya a Hayin Banki, kullum da farar riga mai gajeren hannu da biro uku a aljihu. Ya ajiye babur ɗinsa ya zaro wani ɗan ƙaramin faifai daga cikin jarida, bai fi faɗin murfin kwano ba. Ya ce wani abokin aikinsa ne ya kawo masa tsaraba daga kwas a ƙasar waje, shi kuma ba shi da injin da zai sa, bai ma taɓa jin abin da ke ciki ba. Rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, shi da ya yi boko ma ya kasa karantawa. An dai ce masa waƙar soyayya ce.

"Malam Sule, a zuba mini ita a kaset," ya ce, yana sosa ƙeya. "Akwai inda zan kai."

Kowa a Kawo ya san inda zai kai. Malama Rabi ce, mai koyarwa a firamare, ya fi shekara yana zarya gidansu.

Na goge faifan da auduga na ɗora. Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Muryar namiji ce, mai kauri, mai nauyi, tana tafiya a hankali kamar ta mutumin da ya sha tafiya ya zauna yana ba da labari. Kiɗan na bin ta a baya, ba gaggawa. Ba mu san kalma ɗaya ba, amma kowa ya gane roƙo yake yi. Mai shayin da ke kusa da ni ya tsaya da buta a hannu. 'Yan kamasho biyu suka bar kiran fasinja suka matso. Da aka zo wurin da mawaƙin ke maimaitawa, Haruna direba, mai jigilar Zariya, ya buga cinya ya ce, "Kai! Ku ji fa. Cewa yake jira ni a Kawo!"

Muka yi dariya, na mayar da allura baya. Wallahi haka yake faɗa. Jira ni a Kawo. Tun da Haruna ya faɗa kunne bai ƙara jin wani abu daban ba. Malam Isa ya tsaya baki buɗe, can ya ce ai Malama Rabi a nan Kawo take jiran mota in ta taso daga makaranta.

Na roƙe shi ya bar mini faifan in riƙa yi wa mutane, ya ce in riƙe. Na ɗauki uwar kaset guda, daga ita nake haifar sauran, faifan kuma na rataye shi a bango cikin rigarsa don kowa ya gani. Abin da waƙar nan ta yi a garin nan ku ba za ku yarda ba. Direbobi suka kai ta Zariya da Kano, fasinja su sauka suna tambayar ina ake samunta. Aka rubuta sunanta a bayan motoci. Wata atamfa mai shuɗin ganye ta fito, mata suka sa mata Jira Ni a Kawo, ta ƙare a kasuwa cikin sati biyu. Saurayi in ya rasa bakin magana a wurin zance sai ya ajiye rikoda a kan dakali ya danna, ya sunkuyar da kai, waƙar ta yi masa aikin. Ƙawayen amarya suka ƙara mata baitocin Hausa nasu, masu tallan gyaɗa suka ɗauka. Har wani malamin unguwa ya yi faɗa a kanta bayan sallar Juma'a, washegari matarsa ta aiko a yi mata kaset. Da aka ɗaura auren Malam Isa da Malama Rabi ni na kai lasifika, sau bakwai aka sa ni na maimaita ta. Shekara uku ina cin wannan suna. In an ce Sule mai kunne, ba a ƙara tambayar wanne.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wata Asabar, rumfa cike da mutane, wani ɗalibin makarantar koyon fasaha ya kawo rediyon babansa gyara. Ya ga faifan a bango ya ce a ba shi ya gani. Ya juya shi, ya dubi injina, ya sake duban faifan.

"Maigida, a kan nawa kake sa wannan?"

Na ce a kan injin nake sa shi, a kan me zan sa shi?

Ya nuna mini wata lamba a jikin takardar, arba'in da biyar. Na gan ta tun ranar farko, na ɗauka lambar kamfani ce. Ya ce zagayen da faifan ke so ke nan a minti ɗaya, injina kuwa a kan talatin da uku ya maƙale, gudun manyan faifai. Bai jira izini ba, ya ɗauki filayata, tawa ta hannun Baba Tanko, ya kama guntun ƙarfen nan ya murɗa, ya ɗora allura.

Mace ce. Wata siririyar murya mai zaƙi, tana sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Kiɗan da muke kuka da shi ashe na rawa ne. Wurin da muke jin jira ni a Kawo ya wuce fit, ba Kawo ba dalilinta.

Haruna direba ya riƙe ciki ya ce, "Ashe shekara uku mace muke bi tana ce mana mu jira!" Rumfa ta kece da dariya. Wani ya ce wannan ba mai kunne ba ne, hawainiya ce. Kafin la'asar sunan ya kai bakin tasha, kafin sati ya kai Hayin Banki. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin yaron nan, ko da yake gaskiya ya faɗa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mai gyara ba shi da komai sai sunansa, nawa kuwa ya koma Hawainiya. Mutum zai ɗauko rediyonsa ya nufo ni, wani ya ce masa, "Wanda bai san gudun faifai ba ne zai san cikin rediyo?" sai ya tsallaka titi wurin wani sabon mai gyara da ya buɗe. Na koma gyaran tocila da fitilar ƙwai. Akwai ranakun da tun safe har yamma abin da ya shigo rumfar sai ƙuda. Na ɗauki uwar kaset ɗin nan na zuba wasu waƙoƙi a kanta har sau biyu don kada ko numfashinta ya rage. Faifan na naɗe a jarida na kai wa Malam Isa har gida, na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce, "Ni dai tawa na sani, Malam Sule." Ban ma saurare shi ba. Na yi rantsuwa a raina cewa hannuna ba zai ƙara sa waƙar nan a gudun ƙarya ba.

Da gemuna na koma koyo. Akwai wani Inyamuri da ya dawo bayan yaƙi ya buɗe shago a cikin gari, na riƙa zuwa wurinsa ran Lahadi ina share masa shago yana nuna mini yadda ake karanta lambobin jikin kaya da yadda ake aiki da mitar auna wuta. Ya ce kunnena ya fi nasa, amma kunne ba ya karatu. Na dawo na kwance injina ɗaiɗai. Robar da ke juya farantin da ake ɗora faifai ta tsufa tana zamewa, man ciki ya daskare kamar ƙanzo. Na sa sabuwar roba, na wanke, na zuba mai, na yi masa maɓalli da hannun cokali, na rubuta lambobin da fenti. Sannu a hankali masu gyara suka fara dawowa, don sabon mai gyaran nan yakan ƙona fiye da abin da yake tayarwa. Sunan dai bai tafi ba.

Abin dariyar shi ne, manyan shagunan cikin gari sun kawo waƙar ta gaskiya, ta macen. Aka saya, aka yi rawa da ita wata guda, aka watsar. Amma in ka bi ta bayan gida ka ji mace na daka tana waƙa, a hankali take rera ta, da jira ni a Kawo a ciki. Suna rera tawa suna yi mini dariya, duk da baki ɗaya. Ɗan Adam ke nan.

Bayan kamar shekara biyu, wata Talata da damina, ina kan wata rikoda da kyankyasai suka yi gida a cikinta, na ji sallama. Malama Rabi ce, lulluɓe da gyale, ta rame har na so in kasa gane ta. Na san labarin, kowa ya sani. Malam Isa na dawowa daga Zariya a kan babur, wajen Katabu wata mota ta kauce wa rami ta ture shi, kansa ya bugu. Ya tashi da rai, amma hannun dama da ƙafar dama sun saki, baki kuma ya rufe. Yana gani, yana ji, yana cin abinci in an ba shi. Magana ce babu, wata huɗu.

Muka gaisa na yi mata ya mai jiki. Ta zaro jarida daga ƙarƙashin gyale ta ajiye a kan teburina. Tun kafin ta buɗe na san abin da ke ciki.

"Malam Sule, kaset ɗinmu ne ya tsinke, rikoda ta cinye shi. Tun da muka dawo daga asibiti shi kaɗai ne in na sa nake ganin leɓensa na motsi. Na samo wani wurin direbobi, duk ya miƙe, sai huci. Na sayo na cikin gari, da ya ji sai ya juya fuska bango."

Na ce, "Malama, wancan kuskure ne. Ta cikin garin ita ce waƙar."

"Na sani."

"Kin san abin da ta ja mini a garin nan."

"Na sani, Malam Sule. Ni ba waƙar mutanen can na zo nema ba, taka na zo nema." Sannan ta ce, "Yayansu ya zo daga gida. Ya ce asibiti sun gama nasu, ranar Juma'a zai tafi da shi ƙauye a ci gaba da na gargajiya. Ya ce zaman birni na mai baki ne. In ya ji ko kalma ɗaya ce, zai bar mini shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da na fara tunawa dariyar Haruna ce, ba majinyacin ba. Har yau ina jin nauyin haka. Na ce ta dawo da yamma. Da ta tafi na sauke labulen buhu na rage ƙara, kamar mai satar nama a tukunya, na mayar da cokalin kan talatin da uku, na ɗauka. Na saurara, muryar namijin ta dawo. Na ce shi ke nan, an gama.

Washegari da sassafe ta dawo da kaset ɗin a hannu.

"Ya saurara. Har ya ɗaga yatsa zai bi kiɗan, sai ya sauke. Ta yi kusa, amma ba ita ba ce. Kamar ta yi masa sauri."

Na zauna ina kallon injin, can na gane. Ni na gyara shi da hannuna. A da, da tsohuwar roba mai zamewa da busasshen mai, ko talatin da ukun ba ya cikawa, yana ƙasa da haka da ɗan kaɗan. Nawa ne ɗan kaɗan ɗin, ban sani ba, ba wanda ya taɓa aunawa, robar kuma na jefar tuntuni. Waƙar da Kawo ta sani ba ta kan arba'in da biyar, ba ta kan talatin da uku, tana wani wuri da babu lambarsa a jikin kowane inji. Mutum ɗaya ne ya rage da ke riƙe da gudunta daidai, shi ne kuma ba ya magana.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ɗora injin da rikoda da lasifika a amalanke, na tura da kaina. Hanyar Hayin Banki ta gaban tasha take bi. "Hawainiya, ina zuwa da kaya?" "Hawainiya, biki aka samu?" Haruna na zaune a kan benci ya ce, "Allah ya sa dai ba macen nan za a sake mayar mana namiji ba." Na ce masa ita ce kuwa, in yana so ya biyo ni ya riƙe waya. Ya ga fuskata ya kau da kai.

An zaunar da Malam Isa a kujera a falo, an tokare shi da matasai. Farar riga ce a jikinsa, har da biro a aljihu, Malama Rabi ta sa masa. Ya dube ni, na ga ya gane ni. Yayan nasu, Alhaji Garba, na gefe a kan tabarma da carbi, dattijo mai faɗin kafaɗa. Ya amsa gaisuwata da ƙyar.

"Yanzu abin da allurar likita da rubutun malamai suka kasa, kiɗa ne zai yi?"

Na ce, "Alhaji, Allah ke yi. Ni waya kawai zan haɗa."

Malama Rabi ta durƙusa kusa da kujerar ta ɗora hannunsa na hagu, mai lafiyar, a kan hannun kujera. Ta ce mini, "Yatsan za ka duba."

Na sa faifan. Kiɗa ya fara, manuninsa ya ɗaga ya sauka a kan katako, ya sake ɗagawa. Na ga abin da take nufi. Kiɗan na sauka, sannan yatsan ya biyo baya, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi. Bayan bugu biyar ko shida ya gaji ya kwantar da shi.

Na ɗaga allura na mayar farko. Wannan karon na kai babban yatsana na ɗora a gefen farantin da ke juyawa, na ɗan danna. Na yi yawa, muryar ta nutse kamar ta bijimi, Malam Isa ya yamutsa fuska. Na sake. Na yi kaɗan, ta tsere masa. Abin da ake so tsakanin taɓawa ne da rashin taɓawa, kuma dole ya zauna a haka ba ƙari ba ragi, don in hannu ya yi rawa ko yaya ne murya za ta yi lilo. Gefen farantin ƙarfe ne mai ƙananan tsaga, yana gurzar fata. Sau huɗu muna farawa. Alhaji Garba ya yi tsaki ya dubi agogo.

A na biyar na daina kallon injin gaba ɗaya. Na kafe gwiwar hannuna a kan cinya, na zuba wa yatsansa ido, na bar kunnena ya bi kiɗan. Ya buga, kiɗa na gaba, na ƙara nauyi kamar na gashin kaza. Ya buga, saura ƙiris. Ya buga, suka sauka tare. Suka sake sauka tare. Na ɗaga haɓa na yi wa Malama Rabi ishara ta danna jan maɓallin rikoda, don ni ba ni da hannun da zan ba da.

Yatsana ya ɗau zafi, sannan ya fara raɗaɗi. Gumi na shiga mini ido ba halin sharewa. Baiti na farko ya wuce, yatsan Malam Isa bai faɗi ba. Na ga maƙogwaronsa na motsi. Muryar faifan ta ja numfashi za ta shiga wurin maimaitawa, sai na ji wata murya a ƙarƙashinta, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ji... ra ni..."

Carbin Alhaji Garba ya tsaya. Malam Isa ya juyo da idonsa kan matarsa, gefe ɗaya na bakinsa na rawa, ya ƙarasa tare da faifan: "...a Kawo."

Malama Rabi ta kama hannun nan nasa da hannu biyu. Ba ta ji kunyar yayan ba, ba ta ji tawa ba.

"Ina nan, Malam," ta ce. "Ai jiran nake."

Alhaji Garba ya miƙe ya fita ƙofar falo ya tsaya ya ba mu baya. Daga can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Rabi, a aika a gaya wa mai motar gobe ya bari tukuna."

Ni kuwa ban ɗaga yatsana ba, jini ya fara shafar gefen farantin, amma saura minti biyu faifan ya ƙare, Malam Isa kuma yana shirin shiga baiti na biyu.